Naira, Sefa da Tattabaru: Waiwayen Shekarun Kamba

Kwamfutar da na fara cin abinci da ita Bafaranshiya ce. Ta jirgin ruwa ta iso Kwatano cikin kayan gwanjo, ta hau mota ta ratsa ƙasar Benin tun daga bakin teku har Malanbil, ta ƙetare gadar kogin Kwara ta shiga Gaya, daga nan wani ɗan kabu-kabu ya ƙaraso da ita Kamba, naɗe cikin tsohon zane saboda ƙura. HP ce ta hannu, gefenta ɗaya a tsage. Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta ta wannan hanya ya san abin da ke jiransa in ya ɗaga murfi. Inda ka saba ganin Q, A ce zaune. Z ta ƙwace gurbin W. M ta bar layin ƙasa ta haura kusa da L. Lambobi ba sa fitowa sai ka danne Shift, hatta aya ma haka. Ga mai buga wasiƙar neman aiki wannan ba komai ba ne, amma mai rubuta manhaja, wanda rabin rubutunsa baka ne da alamomi, kowane layi sai ya murɗe yatsu yana neman AltGr.

Na shiga ciki na sauya tsarin ya koma na Ingilishi, sai ya zamana abin da ke rubuce a kan madanni daban, abin da ke fita a allo daban. A haka na koyi bugu ba tare da kallon yatsuna ba, tunda kallon ba shi da amfani. Wata riba kuma da ban yi tsammani ba: babu abokin da ya ari kwamfutar nan ya sake dawowa aro.

Wannan a 2015 ne. Na gama difloma a kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, na hau motar da ke bi ta Kalgo da Bunza na dawo gida da niyyar hutawa kaɗan kafin in nemi hanyar Abuja. Hutun ya zama shekaru. Ga wanda bai san wurin ba, Kamba ce hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a masarautar Argungu, kuma gari ne da ke zaune a bakin ƙofa. Tafiya kaɗan ka shiga Nijar, ka ƙara kaɗan ka shiga Benin. In kuma ka gangara Dole Kaina ka hau jirgi, tsallaken gulbi ƙasar Bagudo ce, su Lolo da Illo, bayansu kuma Benin ɗin ce dai. A rumfa ɗaya ta kasuwa za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci, ga Faransanci na ratsawa in an zo lissafi. Babu wanda ya kafa garin nan don masu kwamfuta, kuma babu wanda ya yi tsammanin za a sami mai yin wannan sana'a a cikinsa, har da ni.

Aikina na farko na gaske wani Alhaji ne ya ba ni, mai babban shagon hatsi da kayan masarufi, abokin mahaifina tun suna yara. Ɗansa ya sayo masa wata manhajar lissafin shago daga Legas, an saka, ta yi ƴan makonni aka koma wa littafi. Da na je gaishe shi ya ji abin da na karanta, sai ya nuna kwamfutar da ke can kan buhunan masara an lulluɓe ta da darduma.

"Kai yaro, wanga abu naku shina sanin sefa?"

"Shina sani, Alhaji, in an koya mishi."

"To ka koya mishi. Abin da bai san sefa ba bai san Kamba ba."

Kafin in rubuta layi ɗaya sai da na yi zaman benci a shagon ina kallon yadda kuɗi ke shiga da fita, kuma a wannan benci na ga abin da ya kashe manhajar Legas. Wanda ya rubuta ta ya ɗauka kuɗi iri ɗaya ne a duniya, mai saye kuma yana biya nan take ya karɓi rasit ya tafi. A shagon Alhaji kuwa mutum zai ɗauki buhu goma, ya ba da rabi da sefa, ya cika wani abu da naira, saura kuma sai kasuwa ta zagayo. Wani ma ba kuɗi zai kawo ba, albasa zai sauke.

Sai kuma ƙirga. Mutumin Gaya ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala yake yi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In ya ce ashirin, sefa ɗari yake nufi. In ya ce ɗari, ɗari biyar ke nan a takarda. Jikkarsa sefa dubu ce, alhali jakar tsofaffinmu na wannan gefe naira ɗari biyu ce. Yaron shago yana jin wannan duka ya juya shi a ka ba tare da ya san yana juyawa ba, amma da ya zauna gaban allo sai ya tsaya: abin da aka faɗa zai buga, ko abin da ke rubuce a jikin kuɗin? Na yi masa gurbi biyu, in ya buga dala a ɗaya, sefa ta fito da kanta a ɗayan. Takardun kaya da ke zuwa daga Kwatano su ma da nasu halin. Masu karatun Faransanci da aya suke raba dubbai, waƙafi kuma shi ne na ɗigo. In sun rubuta 12.500 dubu goma sha biyu da ɗari biyar suke nufi, kwamfuta mai tarbiyyar Ingilishi kuwa sha biyu da rabi take gani. Lambar waya: ta Najeriya goma sha ɗaya ce, ta Nijar da ta Benin takwas-takwas a lokacin. Manhajar Legas ba ta karɓar abin da bai kai sha ɗaya ba, wato ta kori rabin abokan cinikin Alhaji tun daga bakin ƙofa. Kuma tana neman sunan farko da sunan iyali, alhali a littafin Alhaji mutum sunansa ne da garinsu, ko sunansa da sana'arsa, ko wani laƙabi da shi kansa mai shi bai san ana kiransa da shi ba.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce ke rawa. A watan Yunin 2016 Babban Banki ya saki farashin da ya daɗe yana riƙewa a wajen naira 197 kan dalar Amurka, a farkon 2017 kuwa dalar ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage. A Kamba ba a jarida ake karanta irin wannan labari ba, a bakin ƴan canji ake jin sa kowace safiya. Mutum ya ci bashi da sefa, ya dawo bayan mako uku da naira a hannu, farashi ya gusa. Wa zai ɗauki asarar? Wannan ba tambayar da mai rubuta manhaja zai amsa ba ce. Alhaji ne ya yanke: bashi yana zama a kuɗin da aka ci shi, ranar biya kuma da canjin ranar za a yi. Don haka abu na farko da manhajar ke tambaya in an kunna ta da safe, kafin ta yarda a sayar da ko mudu ɗaya, shi ne nawa sefa take yau.

Akwai abu guda da ya sa na ƙara masa wanda ban taɓa gani a wata manhaja ba, kafin nan ko bayan nan. Wata rana bayan la'asar, yara sun fita, ya rage murya.

"Akwai waɗanda ba ni son yaran ga su ga sunansu cikin masu bashi. Ka yi min wurin da in na taɓa, shi ke nan."

"A goge ke nan, Alhaji?"

"A'a. Ni in gani, su kar su gani. Kuma kar a tambaye su."

Mafi yawansu matan da mazajensu suka rasu ne, da wasu dattawa da kasuwa ta juya wa baya. Na yi masa maɓallin, na rubuta a kai "A bar masa". Ƙarshen shekara kuma manhajar na tara ƙimar kayan da ke shago da kuɗin da ke hannu, ta fitar da ɗaya bisa arba'in, shi kuma ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa ya duba kafin ya fitar da zakka, don bai taɓa yarda na'ura ta yi masa fatawa ba. Duk wannan da PHP da MySQL na yi shi, a kan XAMPP, cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da ba ta taɓa ganin intanet ba. Ranar Juma'a nakan je in kwafi bayanan a filash. Daga shagon Alhaji labari ya bazu, na yi wa mai kantin magani, na yi wa wata makarantar kuɗi ta fitar da sakamakon jarrabawa, na yi wa wani mai fiton kaya a bakin iyaka.

Wuta da data su suka tsara mini yini, ba agogo ba. Batirin kwamfutar ba ya kai awa biyu. In an kawo wuta, ko tuwo ke gabana sai in ture in jona. In ba a kawo ba, sai shagon mai cajin waya, inda janareta ke kuka tun safe, kuma kuɗin cajin kwamfuta ya ninka na waya. Abin haushin, ta garinmu layin da ke kai wa Gaya wuta daga Najeriya ya bi, samarin can kuwa ba sa gajiya da tuna mana. Saboda haka yawancin rubutuna a littafin makaranta mai layi nake fara shi, da biro, a zaure. In rubuta, in bi shi layi-layi da yatsa ina yi wa kaina aikin kwamfuta, sai an sami caji in buga. Wanda ya koyi aiki haka ba ya gaggawar danna maɓalli ya ga abin da zai faru, don kowane gwaji batir yake ci.

Data kuwa da tsakar dare take araha, daga sha biyu zuwa wajen asuba. Lokacin ne nake buɗe shafukan Stack Overflow da yawa in adana su don karatun rana, lokacin ne kuma nake jan manyan kaya. Wanda ya taɓa sauke Android Studio da modem a ƙauye ya san haƙurin da ake nufi: ya kai kusan ƙarshe, sabis ya yanke, a koma farko gobe. In sabis ɗinmu ya ƙi gaba ɗaya, ina da layin Nijar a aljihu. Sai in hau babur in nufi gefen gari ta wajen iyaka, in zauna gindin bishiya in tura aikin mutane ta sabis ɗin wata ƙasa. Darussan bidiyo kuma wurin mai tura finafinai nake ajiye su, cikin rumbunsa, tsakanin fassarar Indiya da waƙoƙin biki. Shi ne ma'ajin karatuna, bai kuma taɓa karɓar ko sisi a kan haka ba.

Inna ba ta son wannan zama na dare. Takan leƙo ta ga hasken allo a fuskata.

"Ɗan nan, ka kashe wagga aba ka kwanta. Mutum ba jemage ba."

A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri arba'in, fankar kwamfutar ta riƙa gurnani kamar injin markaɗe, sai in ɗora ta a kan bulo biyu iska ta ratsa ƙarƙashi. Da hunturu kuma ƙura ce, in kwance bayanta in share da tsohon burushin haƙori. Damina kuwa ba ruwan Baba da manhaja. Akwai gona, akwai fartanya, kowa ya fito.

To in batir ya mutu da hantsi, wuta kuma sai yadda ta yiwu, me saurayi zai yi da sauran yini? Nan ne tattabaru suka shigo.

Da biyu na fara, wani yaro ya sayar mini don ya biya kuɗin kallon ƙwallo. Na jera tsofaffin tukwanen Inna da suka fashe a kan katangar bayan gida, na liƙe su da laka, na bar wa kowace ƙofa. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kwana goma sha bakwai zuwa sha takwas, kuma ba ita kaɗai ke kwancin ba. Namiji yana karɓar ta da rana, ita ta kwana a kai. In sun ƙyanƙyashe, su biyun ne ke ɗura wa ƴan shila wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu, kafin su isa cin tsaba. Nakan zauna a turmi in yi ta kallon wannan canjin aiki, yadda namijin ke zuwa bakin tukunya ya yi ta guɗa yana juyi har ta fito. Gero nake watsa musu safe da yamma, da ɗan jiƙon kanwa a kasko. Maƙiyansu uku ne: shaho daga sama, muzuru da dare, da yaran unguwa masu nasu garken. Don akwai wata doka da ba a rubuta ba tsakanin masu kiwon tattabaru. In taka ta bi garken wani ta sauka gidansa ta kwana, sai ka je da baki mai daɗi, wani lokaci da ɗan abin goro. Ni ma nawa sun janyo na wasu, ban kuma cika gaggawar kai labari ba.

Masu sana'armu suna son cewa a wurin hutawa suke gano bakin zaren matsalar da ta gagare su. Ni tattabara ba ta taɓa warware mini komai ba. Abin da take yi shi ne ta fitar da aikin daga kaina gaba ɗaya, in yi awa guda babu abin da ke damuna sai dalilin da ya sa wata fara mai baƙin wuya ta ƙi mijin da na haɗa ta da shi. Suna kuma kawo kuɗi. Ana neman ƴan shila don romon mai jego da marar lafiya, kuma akwai watannin da su suka sayi datar da na yi aiki da ita.

Bayan isha'i sai majalisa, ko fada, yadda abokanmu na tsallake ke kiranta. Ƙaramar buta a kan gawayi, shayi zagaye uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe kusan ruwan sukari. A cikinmu akwai malamin firamare, da ɗan canji, da mai gyaran babur, da direban da ke zirga-zirgar Malanbil, wanda ke zuwa mana da garin rogo mai kyau da dogon burodin Faransawa. Babu ko ɗaya da ya san abin da nake yi, babu kuma wanda ya damu ya sani. Yanzu ne na san darajar wannan. Hirar farashin shinkafa ce, da wanda kwastan suka kama, da wanda zai yi aure. In lokacin kokawar takobi ta Nijar ya zo, rediyo ake sawa a tsakiya, kowa ya zama ɗan Doso saboda Isaka Isaka.

Ƙwallo kuwa da Faransanci muka kalle ta, don akwatin Canal+ ya fi sauƙin samu a wajenmu. Daren 8 ga Maris 2017, da Barcelona ta ci PSG shida da ɗaya, akwai baƙi daga Gaya a gidan kallon, duk magoya bayan PSG, sun shigo da ƙwallo huɗu a aljihu tun wasan farko suna ta ɗaga kafaɗa. Da ta shidan ta shiga, benci ya karye, wani ya fita ba takalmi. Har suka hau babura ba wanda ya yi sallama. A kwamfutata kuma akwai PES, wadda ita ce kaɗai manhajar da abokaina suka yarda tana da amfani.

Wasu ranakun mukan hau babur mu gangara Dole Kaina, ta cikin giginyu da fadamun shinkafa, mu sayi tarwaɗa ko ƙarfasa hannun Sarkawa a gasa mana a bakin ruwa, muna kallon jirage na tsallakawa da mutane da buhuna da jarkoki. Ban taɓa iya jefa birgi ba, ko da yake an yi ƙoƙarin koya mini.

A idon gari kuwa ni mai gyaran waya ne da bai buɗe shago ba. Wanda ya manta lambar sirrin Facebook, wanda zai yi rajistar JAMB, wanda ke neman N-Power da aka fara a 2016, duk gidanmu. Da na fara samun ƙananan ayyuka daga waje ta Upwork, dala ta fara shigowa ta Payoneer, tunda PayPal a lokacin ba ya bari ɗan Najeriya ya karɓi kuɗi, sai aka fara ƙus-ƙus: yaro ba ya fita, ba ya barcin dare, ga shi ya sayi sola. Alhaji ne ya kashe maganar a masallaci da kalma biyu. Lokacin neman aure kuma Kawu, ƙanen Inna, ya kira ni gefe.

"In sunka tambaye ni aikinka, mi zan ce musu?"

"Ka ce ina rubuta manhaja, Kawu."

"Ba ni faɗin abin da ban iya maimaitawa. Wa ka biyanka ƙarshen wata?"

"Ba kowa. Wanda na yi wa aiki shi ka biya."

Ya yi shiru, sannan ya ce zai gaya musu malamin kwamfuta ne, yana noma, yana kuma da kiwo. Kiwon nan tattabaru ne. Aka ba ni.

Abin da ya tashe ni daga Kamba ba rashin wuta ba ne. Ranar 20 ga Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Tun kafin nan an hana shigo da shinkafa ta iyakar tudu a 2016, an hana motoci daga farkon 2017, amma wannan karon ƙofar aka ja gaba ɗaya. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Kamba kuwa tsundum take a ciki, sai ga man janareta ya zama abin nema. Ba zan ce manufar ba ta amfani kowa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a jihar Kebbi a Nuwamban 2015, ƴan uwana masu fadama sun ga kuɗin shinkafa irin wanda iyayensu ba su gani ba. Amma garin da aka gina a kan shige da fice, in ka rufe ƙofar, ka rufe garin ne. Kaya ba su daina wucewa ba, kowa ya sani. Sun koma daji da gulbi da tsakar dare. Sai dai mai bin hanyar daji ba ya son rasit, ba ya son na'urar da ke tuna abin da ya shigo da ranar da ya shigo. Mai fiton kaya ya rufe ofis. Wasu suka ce in zo in goge komai. A watan Satumban shekarar kuma Andela, wadda kowane matashin mai rubuta manhaja a ƙasar nan ke mafarkin shiga, ta sallami ƙananan ma'aikata kusan 400. Ƙofar gida a rufe, ta waje ma ta ƙara ƙunci.

Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu Kamba a ciki. Sai Afrilun 2022 aka buɗe ta, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Ni dai kafin nan na tattara na koma Kano. Tattabarun na raba wa yaran da muka daɗe muna rigima da su a kansu.

Yanzu ina da abin da na yi ta roƙo a wancan zaure. Sola mai ƙarfi, intanet da ba ya jiran tsakar dare, albashi a ƙarshen wata wanda Kawu zai iya faɗa ba kunya. Tambayar da nakan kwana ina nema a da, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 cikin daƙiƙa ake amsa ta. Ba na yi wa kowa fatan komawa duhu, kuma duk mai cewa wahala ce ke koyar da aiki, a tambaye shi yara nawa masu kai wahalar ta kora daga aikin kafin su fara. Na san irinsu a Kamba, sun fi ni ƙwaƙwalwa, suna kabu-kabu. Amma gaskiya ɗaya ce: a can batir ne ke tashi na daga aiki, a nan babu mai tashi na. Kwamfuta ba ta mutuwa, saƙo ba ya ƙarewa, wanda nake yi wa aiki yana wata nahiya inda rana ba ta faɗi ba tukuna. Abokan hirata duk masu sana'ata ne, hirar kuma sana'ar ce. Maigidan haya bai yarda da kiwo ba. In aka tambaye ni abin da nake yi don nishaɗi sai in tsaya tunani, abin da a Kamba ko tambayar ba za a yi ba, don ana gani.

Da na je gida Babbar Sallah na tarar da yara suna koyon Python a waya, a gindin katangar da tukwanen suke. Alhaji ya tsufa, ɗansa ke zaman shago, tsohuwar kwamfutar tebur ɗin kuma tana nan tana tambayar farashin sefa kowace safiya. Maɓallin nan ma yana nan, ɗan ya ce ana taɓa shi.

Akwai wasu shagunan da aka kwafa wa manhajar daga filash zuwa filash, a Kamba da Gaya da wajen Lolo, waɗanda ban san masu su ba. In wannan rubutu ya kai ga ɗayanku: tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin sun koma goma, an ƙara 01 a gaba, gurbin lambar waya kuwa takwas ko goma sha ɗaya kawai yake karɓa. Gyaran layi ɗaya ne. Ku ba ɗaya daga cikin yaran nan masu koyo a waya ya yi muku, kuma ku biya shi.